Wanki mai zurfi ko dashen nama: wanne ya dace da matashin da dasashinsa ke janyewa?

Ɗan'uwa, ka ce shekarunka 27, dasashinka yana jini duk lokacin da ka goge baki, fiƙarka ta sama kuma ta ƙara tsawo saboda naman ya ja baya, kana so ka san wanda ya fi tsakanin wanki mai zurfi da tiyatar dashen nama. Kowanne da aikinsa, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, sai dai wankin ne ke zuwa da farko.

Wanki mai zurfi yana magance cutar dasashi ne. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori yakan daskare ya zama kamar tsakuwa, buroshi ba ya iya cire shi, ƙwayoyin cuta kuma suna samun mafaka a jikinsa har su fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Likita zai zura wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo tsakanin haƙori da dasashi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce, daga 4 zuwa sama kuwa alama ce ta rami ya fara samuwa. Sai ya yi allurar kashe zafi, ya kankare saiwar haƙorin, sannan ya sake awo bayan mako 6 zuwa 8. Jinin yakan tsaya, amma naman da ya janye ba ya dawowa, har ma idan kumburin ya sace sai ka ga haƙorin ya ƙara fitowa, abin da ke sa wasu su zargi likita alhali kumburi ne ya ɓoye ɓarnar tun da farko.

Dashen nama kuwa gyaran ɓarna ne, ba ya kashe cuta. Ana yanko ɗan nama, galibi daga ganɗar mutum, a ɗinke shi a kan saiwar da ta fito, a cire zaren bayan mako ɗaya ko biyu. Ya fi wanki zafi da tsada, kuma ganɗar ce ta fi damun mutane a kwanakin farko. Nasararsa ta dogara da ƙashin da ke tsakanin haƙora: idan yana nan daram, ana iya rufe saiwar gaba ɗaya, idan kuwa ya zaizaye, sai dai a rufe wani ɓangare. Likitan da ya san aikinsa ba zai yi dashe a kan dasashi mai jini ba, kuma shan taba yana rage nasarar aikin ƙwarai.

A ganina, abin da ya kamata ka fara ganowa shi ne dalilin janyewar. A wajen matasa, sau da yawa dirzar haƙori da buroshi mai tauri ne, ko siririn dasashi na gado, ko wayar daidaita haƙora da ta tura haƙori waje. Dubi buroshinka: idan gashinsa ya baje cikin 'yan makonni, hannunka ya yi nauyi. Janyewa irin wannan, idan ƙarama ce kuma ba ta ƙaruwa, buroshi mai laushi da man goge baki na masu jin zugi sukan wadatar, dashe ya jira.

Akwai kuma nau'in cutar da ke cin ƙashi da sauri a wajen matasa, musamman a turamen farko da haƙoran gaba, wanda wani lokaci sai an haɗa wankin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato amoxicillin da metronidazole, bisa umarnin likita. Saboda haka ka nemi a yi maka awon rami da hoton ƙashi, a kuma duba sukarin jininka idan akwai ciwon sukari a danginku, kafin a yi maganar tiyata.