Hoton babban hanji: wanne ya dace ka kashe wa kuɗi?

A Kano da zarar ciki ya matsa wa mutum sai a ce ya je ya yi sikanin. Shi ne mafi araha, ga shi a kowace unguwa, amma a kan babban hanji amfaninsa kaɗan ne. Na'urar da sauti take aiki, iskar da ke cikin hanji kuwa mayar da sautin take yi, abin da ke bayanta ba ya fitowa. Yana nuna hanta da afendis, da hanjin yaro idan ya shige cikin juna. Amma takardar sikanin da ta ce ciki lafiya ba ta wanke hanji ba.

Babban hanji ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Yana farawa a ƙasan ciki ta dama inda afendis yake, ya hau zuwa ƙarƙashin hanta, ya ratsa hagu, ya gangaro, ya lanƙwasa, ya ƙare a dubura. Tsiro, wato ƙarin tsoka da ke fitowa a cikin hanji, idan yana hagu yakan kawo jini a bayan gida, shi ne ake ta sha wa maganin basir wata da watanni. Na dama kuwa a ɓoye yake zubar da jini, sai dai a ga mutum yana fama da ƙarancin jini.

Ga mai ganin jini, ko wanda bayan gidansa ya canza na makonni, ko yake ramewa babu dalili, kolonoskofi ne a gaba. Bututu ne mai kyamara da ake zurawa ta dubura har farkon hanjin. Da shi likita ke gani da idonsa, ya ɗebi tsoka a kai awo, ya cire ƙaramin tsiro nan take, abin da sauran hotunan ba sa yi. Wahalarsa wankin ciki ce. Ana gobe za a yi, babu tuwo babu ganye, sai ruwa da shayi marar madara, sannan maganin wanki, wani nau'in har lita biyu zuwa huɗu. Zoɓo ma a bar shi, jansa na kama da jini a kyamara. Ƙwayar ƙarin jini ana daina ta kamar mako guda kafin ranar domin tana baƙanta hanji. Mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini ya faɗa wa likita tun da wuri. Idan wankin bai yi kyau ba, kashi zai rufe tsiron, a sake biya a sake yi. Akwai gajeren kolonoskofi mai duba kamar santimita 60 na ƙarshen hanji, ya fi sauƙi, amma ba ya kaiwa ɓangaren dama na hanjin.

Siti-sikan, wato hoton eksire na kwamfuta mai nuna jiki yanka-yanka, shi ke nuna abin da ke wajen hanji: ko cuta ta kai hanta, ko hanji ya toshe, ko ya huje. Yawanci ana yin allurar ruwan hoto, shi ya sa ake neman gwajin ƙoda tukuna. Mai juna biyu ta faɗa kafin a fara. MRI kuwa, hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, an fi buƙatarsa bayan an tabbatar da sankarar dubura, domin tsara tiyata.

Hoton bariyam, wato farin ruwan da ake ɗurawa ta dubura sannan a ɗauki eksire, tsohon yayi ne. Yakan tsallake ƙananan tsiro, kuma in ya nuna wani abu, kolonoskofin dai za a koma. Ba a yin sa idan ana zaton hanji ya huje.

Idan ciki ya kumbura farat ɗaya, ga amai, ba bayan gida ba tusa, ba maganar zaɓi ake ba. A wuce sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala Muhammad. Hoton eksire kaɗai yakan nuna hanji ya murɗe, ciwon da ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Kafin ka biya kuɗin kolonoskofi, tambayi ko farashin ya haɗa da maganin wanki, allurar barci da awon tsoka, don sau da yawa daban ake lissafa su. Ka nemi rahoto a rubuce mai nuna ko bututun ya kai farkon hanjin. Ka kuma zo da ɗan rakiya, domin bayan allurar ba a tuƙi sai washegari.