Gyaran gidajen haya a Abuja: fenti ya rufe danshi, bai kore shi ba

A Kubwa, Lugbe da Nyanya akwai masu karɓar kwangilar gyaran gida da zarar ɗan haya ya tashi. Cikin mako guda sun shafe bango, sun ɗaura silin POP (silin ado da ake yi da farar hoda mai daskarewa kamar siminti), sun sauya soket, dillali ya fara tallan "sabon gyara". Hannunsu a fenti yana da kyau, ba a raina musu. Amma aikin bai kai kuɗin da ake ƙara wa haya saboda shi ba.

Babban laifinsu yana wajen danshi. Bangon da ke tsotsar ruwa daga ƙasa yakan jiƙe har kusan mita 1, ya fitar da farin gishiri, filasta ta riƙa marmashewa. Su kuwa sai su kankare sama-sama, su shafe, su buga fenti a lokacin rani. Damina na sauka a watan Afrilu, kafin Agusta fentin ya kumbura yana ɓarewa, kayan cikin kabad suna warin fumfuna. Abin takaici, ɗan haya ya riga ya biya kuɗin shekara.

Gyara na gaskiya daga gano hanyar ruwan yake farawa: ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ko bututun banɗaki na yoyo cikin bulo, ko kwata ta toshe a gindin bango. A toshe wannan tukuna. Sannan a fasa filasta har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, a bar bulo ya sha iska, a sake filasta da siminti awo 1, yashi mai tsabta awo 3, da maganin hana shan ruwa. A yi ta ba ta ruwa kwana 7, a jira kusan mako 4 kafin fenti. Wannan jiran ne ba sa so.

POP ɗin ma sau da yawa a ƙarƙashin kwano mai yoyo ake ɗaura shi. Ya sha ruwa, ya yi nauyi, ya rufto. Sabon soket kuma a kan tsohuwar siririyar waya mai 1.5mm², alhali soket waya mai kauri ta 2.5mm² yake bukata.

Mai neman gida ya je dubawa da damina in da hali. Ya ƙwanƙwasa ƙasan bango, in ya ji ƙarar holoƙo to filasta ta rabu da bulo. Ya kuma sa a buɗe masa soket ɗaya ya ga waya kafin ya ba da ko sisi.