Motarka, ta haya ko bas: wacce za ka ɗauki madam da ita ranar tunawa da aure?

Duk shekara idan ranar aurenmu ta zagayo, ni da madam mukan ware ƙarshen mako guda mu kama hanya, ba yara ba ƴan rakiya, mu bi ta inda akwai duwatsu ko bakin ruwa muna tsayawa duk inda ya yi mana. Bana karo na 9 ke nan, kuma kusan babu irin motar da ban gwada ba.

Bas ɗin ƴan yawon buɗe ido dai kada ma ka fara, daidai lokacin da rana za ta faɗi ku samu hoto mai kyau shi ne direba zai hau danna hon wai a taho a tafi. Mota da direbanta kuwa mutum na uku ne a tafiyar mutum biyu, ko hira ba za ku yi a sake ba. Motarka ta gida ba laifi in dai makaniki ya duba birki da ruwan injin, sai dai ita ce wadda kuke kai yara makaranta kullum, madam tana shiga za ta ga kamar cefane za ku.

Ni dai ƙaramar jif ta haya nake so, irin su Toyota RAV4 ko Honda CR-V. Tana da tashi daga ƙasa, saboda haka idan kwalta ta ƙare saura ɗan kilomita biyu ku isa inda ake hango kwari gaba ɗaya ba za ka tsaya kana jin tsoron dutse ya bugi cikinta ba, sannan kujerar a sama take, wanda ke gefen direba yana ganin komai ba sai ya miƙa wuya ba. Ba ta shan mai kamar manyan. Bara mun buɗe bayanta mun zauna ƙafafu na lilo, hazo yana tasowa daga ƙasan tsauni, madam ta yi shiru kusan minti goma sannan ta ce “ashe dai kana da kirki.” Abu ɗaya, in za ku gangaro daga tsauni ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, idan ka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa.

To amma fa harkar haya cike take da ƴan damfara, kuma ni an taɓa yi min. Wani kamfani da na dawo musu da mota suka nuna min ƙarzuwa a ƙasan bamba, wai ni na yi, alhali wallahi ko ganye ban goga ba, haka suka cinye kuɗin ajiyata tas don ba ni da shaida. Tun daga nan ba na karɓar makulli sai na zagaye motar da waya ina ɗaukar bidiyo, rufi, gilashi, ƙasan bamba, har awon mai da lambar kilomita, kuma ma'aikacinsu yana tsaye a cikin bidiyon. Duk tabon da ka gani a rubuta shi a takarda ya sa hannu. Ka tambaya ko akwai iyakar kilomita a rana, da nawa za ka biya daga aljihunka idan aka yi hatsari duk da inshora, don a nan suke ɓoye wuƙar. Mai kuma ku yi ka'idar a ba ka tanki cike ka dawo da shi cike, ka adana rasit ɗin gidan man ƙarshe.

Sai taya. A gefen kowace akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara 6 ka ce a canza maka mota, ko da zanenta bai cinye ba. Tayar ajiya ma ka duba akwai iska, kuma jak yana nan.

Masu tallar mota a Facebook da Instagram da ke cewa “turo rabin kuɗi in riƙe maka, mutane na layi” ka rabu da su. Ka saka hoton motar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa za ka tarar daga wani shafin aka sato shi. Haka suke yi da hotunan masauki ma, ɗaki mai kallon tafki ka je ka tarar tagar tana kallon katanga. In ba su da ofis ɗin da za ka taka da ƙafarka, ko suka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba na kamfani ba, ni a nan nake kashe wayar.