Naɗe salansa ko yi mata garkuwa: wanne ya fi dacewa da zafin Kano?

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ka ce ka sauke injin 5S mai silinda huɗu daga Camry ɗinka ka ɗora 1MZ mai silinda shida. Allurar zafi ba ta wuce rabi, amma da ka shiga gosilon Kurna da azahar bonet ba ya taɓuwa, robar wayoyi ta fara tauri, motar kuma sai ta yi nauyi. Kana tambaya ko ka naɗe salansa da ƙyallen hana zafi, ko a yi maka garkuwar alminiyom.

Tunda allura a zaune take, ruwan injin lafiya lau yake. Kada ka yarda a cire maka tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da makulli, abin da wasu bakanikai ke fara yi ke nan. Tamostat ɗin, wadda ke tsare ruwan inji daga lagireto har sai ya yi zafi, tana buɗewa a wajen digiri 82. In aka cire ta, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta yi ta zuba fetur, zafin da kake kuka da shi kuma yana nan daram. Daga manifol yake fitowa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga inji zuwa salansa, wanda kan haura digiri 600 idan mota na jan nauyi. Yanzu manifol biyu gare ka, ɗaya dab da lagireto, ɗaya a matse ta baya.

Naɗi yana tsare zafi a cikin bututu, ya kora shi waje tare da hayaƙi. Ƙyallen na zuwa da faɗin santimita 5, tsawon wajen mita 15. Ana jiƙa shi da ruwa don ya yi laushi, a ja shi tamau, kowane zagaye ya hau gefen na baya kaɗan, a ɗaure da maɗaurin ƙarfe mara tsatsa. A sa safar hannu, don zaren gilas ne, ƙaiƙayinsa sai ya kwana. Tashin farko zai yi hayaƙi da wari, wannan ba komai. Wajen rage zafin cikin bonet naɗi ya fi garkuwa, babu musu.

Matsalarsa ita ce ƙarfen ne ke shanye zafin da aka hana fita. Manifol na tokumbo da ya riga ya gaji sai ya tsage a wajen walda, ga shi kuma tsagar a lulluɓe take. Da damina, in ka kutsa cikin ruwan da ke kwanciya a titi, ƙyallen ya sha ruwa ya riƙe, bututu ya yi ta tsatsa daga ƙarƙashi. Mafi muni, 1MZ ya yi suna wajen zubar mai ta gasket ɗin murfin bawul, musamman na baya. Ƙyallen da ya sha baƙin mai a kan ƙarfe mai zafi haka lagwani ne, wuta kawai yake jira.

Garkuwa ba ta taɓa bututun. Faifan alminiyom mai kaurin milimita 1 ya isa, amma sirrin a ratar yake: a bar santimita 1 zuwa 2 tsakaninsa da manifol iska ta ratsa. In ya manne, aikin banza ne, alminiyom ma narkewa yake a digiri 660. A fara yanka kwali a gwada a wurin, sannan a kai wa mai walda ya fitar da irinsa, a ɗaure da noti da washa mai sifirin don kada ya riƙa kaɗawa. Kafin wannan wahalar, leƙa Kofar Ruwa ka nemi garkuwar kamfani ta injin, domin sau da yawa a wajen sauke inji ake yar da ita. Raunin garkuwa shi ne ba ta rage yawan zafin, kawar da shi take daga altaneta, kik, bututun fetur da wayoyi. Ƙurar hunturu kuma na dusashe ƙyallinta, sai ana gogewa.

Mu dai garkuwa muka zaɓa maka. Naɗi sai a ɗan guntun bututu inda babu wurin barin rata, shi ma bayan an toshe zubar mai.

Nauyin da motar ke yi, duba inda take shaƙar iska. In buɗaɗɗiyar filta aka sa maka a cikin bonet, iskar zafi take zuƙa, kwamfuta kuma ta rage wa injin ƙarfi don kare shi. Mayar da akwatin filta na asali da bututunsa mai kallon gaba.

Ɗaga bayan bonet da washa, da ake yayi, a tsaye kawai yake amfani. A kan gudu, kamar a hanyar Zariya, iska taruwa take a gindin gilashi, sai ta danno ciki ta rage wadda ke ratsa lagireto. In za a huda bonet, a huda ta gaba, bayan lagireto kaɗan, ba saitin koyil ko altaneta ba saboda ruwan sama. Wayoyin da suka yi tauri a canza su, a janye su aƙalla santimita 10 daga manifol, a zura su cikin rigar hana zafi.