Zagayen Sakkwato da ɗan jagora: Hubbare ya biya kuɗina

Ƙanen maigidana ya zo daga Zariya da iyalinsa, sai na ɗauko wani matashi da ke zagayawa da baƙi wuraren tarihi. Shi ya zo da Keke Napep guda biyu, kuɗinsu na cikin cinikin.

Hubbaren Shehu muka fara zuwa, kuma nan yaron ya nuna ya san aikinsa. Tun daga waje ya ce mu tuɓe takalma, mata su gyara mayafi, a riƙe 'yan canji don sadaka. Ya bayyana cewa wurin gidan Shehu Usmanu ne, nan ya zauna bayan tasowarsa daga Sifawa a 1815, nan kuma aka rufe shi a 1817. Ya nuna mana inda 'yarsa Nana Asma'u take kwance. Da matar baƙona ta tambayi kabarin Muhammadu Bello, bai yi kame-kame ba. "Hajiya, wanga sai Wurno," in ji shi. Na ji daɗin haka, don na san masu nuna maka kowane kabari su laƙaba masa suna.

Fadar Sarkin Musulmi kuwa a bakin ƙofa muka tsaya, aka yi hoto da dogarai daga nesa. Da ya faɗa tun farko cewa shiga sai an nemi izini, da yara ba su sa rai ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ga tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, ga takubba da kayan yaƙi, baƙona malamin makaranta ya duƙa yana ƙoƙarin karanta wani shafi, jagora sai duba agogo yake. Labarin yaƙin Giginya na 1903, wanda a cikinsa Turawa suka ci Sakkwato, da fitar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas har Burmi, a cikin keke ya ba mu shi, ƙarar inji ta cinye rabi. Ashe sauri yake ya kai mu shagon wani baduku abokinsa, inda jakar fatar jar akuya ta fi ta kasuwa tsada.

Zan sake ɗaukarsa, amma da sharaɗi: a fita ƙarfe bakwai kafin rana ta buɗe, awa guda cur a gidan tarihi, sayayya kuma ni zan kai baƙina.