Minecraft ko Roblox: wanne zai ɗauki awon gidanku?

Ɗan'uwa, ka ce kana son gina gidanku na gado a cikin wasa, fuloti ne ƙafa 50 da ƙafa 100, da zaure a gaba da ɗakuna uku a jere, kowanne ƙafa 12 da 12. Ka tambayi yadda za ka mayar da awon tef zuwa awon wasa, da kuma wanda ya fi dacewa tsakanin Minecraft da Roblox. Lissafin kansa ba ya cin rai. Abin da ke ɓata wa mutane gini shi ne kaurin bango da kuma jikin mutumin da kake sarrafawa a wasan, kuma a nan ne wasannin biyu suka raba hanya.

A Minecraft kowane bulo mita ɗaya ne ta kowace fuska. Ƙafa ɗaya kuwa mita 0.3048 ce, don haka fulotinka mita 15.24 ne da 30.48, wato bulo 15 da 30. A Roblox ma'aunin sunansa sitod, kuma kamfanin ya tsayar da shi a kan santimita 28. Ka raba mitocinka da 0.28, fulotin zai fito sitod 54 da 109 idan an cike. Lura da abu ɗaya mai daɗi a nan: ƙafa ɗaya sitod 1.09 ce, kusan kai ɗaya suke. Mu da muka saba awon fili da ƙafa, ko da ka ɗauki kowace ƙafa a matsayin sitod guda, ginin zai ragu ne da kusan kashi 8 cikin 100 kawai, kuma komai zai ragu tare. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke awo da mita, su Minecraft ne ya zo musu a sauƙaƙe.

To bari mu jera ɗakunan nan uku mu gani. A ƙasa, ɗaki uku na ƙafa 12 sun ci ƙafa 36. Bango huɗu na bulo mai inci tara sun ci ƙafa 3. Jimla 39, saura ƙafa 11 na lungu da katanga. A Minecraft ɗakin ƙafa 12 mita 3.66 ne, dole ka ba shi bulo 4, uku sun zama 12. Amma bango ba ya yin ƙasa da bulo ɗaya, wato mita guda cur, ya ninka bangon gaskiya fiye da sau huɗu. Bango huɗu sun ƙara 4, ka kai 16, alhali faɗin filin gaba ɗaya 15 ne. Ka ga ko katanga ba a fara ba ginin ya riga ya shiga filin maƙwabci. Wannan ne ya sa masu gini da awon ɗaya-da-ɗaya suke zaɓar ɗayan biyu: ko waje ya yi daidai ciki ya matse, ko ciki ya yi daidai gidan ya kumbura.

Roblox ba shi da wannan ciwon kai, domin kai ne kake rubuta girman kowane yanki da lamba. Bangon inci tara sitod 0.8 ne, ka rubuta 0.8 ya tsaya haka. Ɗaki sitod 13 da 13, silin mai tsayin mita 3 sitod 10.7, ƙofa mai mita 0.9 da 2.1 ta zama 3.2 da 7.5. Hatta dakalin ƙofar gida da indararo za ka iya ba su awonsu na ainihi.

Sai dai shi ma yana da nasa. Mutumin Roblox na asali tsayinsa sitod 5 ne, mita 1.4 ke nan, amma faɗinsa da hannuwa sitod 4 ne, ya zarce mita ɗaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ƙofarka ta 3.2 za ta yi masa kaɗan a ido, za ka ga hannuwansa suna nutsewa cikin bango idan zai wuce. Ga kyamara kuma tana binsa ta baya, idan ɗaki ya yi ƙunci sai ta manne masa a ƙeya, ba ka ganin komai sai kansa. Shawarata ka bar awon fili da tsakar gida yadda suke, ƙofofi ka kai su faɗin 4 ko 5 da tsayin 8, silin kuma ka ɗaga shi zuwa 12 ko sama. Mutumin Minecraft ya fi kama da mu ta wannan fannin, tsayinsa bulo 1.8, faɗinsa 0.6, ƙofar wasan kuma bulo 1 da 2, kusan ƙofar ɗaki ta gaskiya.

Wani gargaɗi kafin in wuce. Za ka iya cin karo da tsohon bayani mai cewa sitod 20 ne mita ɗaya. An ciro shi ne daga ƙarfin jan ƙasa na wasan, wanda aka saita a 196.2, wato na duniyarmu ta gaskiya, 9.81, sau 20. Idan ka bi shi ƙofar ɗakinka za ta kai sitod 42, mutum takwas su hau kan juna ba su taɓo samanta ba. Ka tsaya a kan 0.28.

Idan Minecraft ka zaɓa, hanyar fita ita ce ka faɗaɗa ma'aunin. Da yawa suna ninkawa biyu, kowane bulo ya zama rabin mita. Yana aiki, amma bangon da za ka jera ya ninku huɗu, kuma gado da ƙofar wasan sun koma kamar na 'yar tsana a cikin ɗakin. Ni abin da na fi so wa gida irin naku shi ne bulo ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa biyu. Ba ka buƙatar kalkuleta, rabawa biyu ce kawai. Fuloti ya zama 25 da 50, ɗaki 6 da 6, silin na ƙafa 10 ya zama bulo 5. Ɗakuna uku da bangonsu sun ci 22, an bar maka 3 na lungu. Ƙofa ka haɗa biyu gefe da gefe, ka ɗora gilashi ko katako a samansu ta kai tsayin bulo 3. Mutuminka zai ɗan yi ƙanƙanta, kamar ƙafa uku da rabi a wannan awon, amma duk wanda ya san gidan zai gane shi da ya leƙo zaure.

Ko wanne ma'auni ka bi, kada ka cike lambar kowane ɗaki daban sannan ka haɗa su. Ka tsaya a kusurwa ɗaya ta fili, ka auna nisan kowane bango daga nan, sannan ka cike. In ba haka ba rabin bulo nan, rabin bulo can, kafin ka kai ƙarshen jeri ka ɓata da bulo biyu. Zauren kuma ka ba shi faɗin lamba mara, 7 ko 9, idan ƙofa mai bulo ɗaya za ka sa a tsakiya; idan mai biyu ce sai lamba cika.

Akwai inda Minecraft ya fi burge ni, kuma ba ka faɗa ba ko gidan na bulo ne ko na ƙasa. Idan tsohon ginin ƙasa ne, bangonsa dama mai kauri ne, musamman daga gindi, don haka kaurin bulon wasan ba ya zama ƙarya sosai. Tun sigar 1.19 da ta fito a 2022 akwai laka a wasan. Kana haɗa ta da alkama ka samu dunƙulalliyar laka, ka haɗa huɗu daga cikinta su ba ka tubalin laka, launinsu kuma ya yi kusa da na soro. Rabin bulo da matakala na wannan tubalin suna fitar da zankwaye da kyau. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, bulo 27 ce kai tsaye, a Roblox kuma sitod 96. Abin da zai ba ka wahala a Minecraft shi ne yadda take tsukewa a hankali zuwa sama, domin kowace shiga ciki mita guda ce, sai ta fito tsani-tsani. Idan ka ninka ta uku ta zama bulo 81, tsukewar ta yi laushi, kuma akwai wuri, tunda daga sigar 1.18 ta 2021 duniyar wasan ta kai tsayin bulo 384. A Roblox yanki mai gangare ne za ka miƙe daga ƙasa har sama, shi ke nan.

Na'urar da ke hannunka ma tana da ta cewa. Roblox kyauta ne kuma ana buga shi a waya, amma manhajar gininsa, Roblox Studio, sai a kwamfuta mai Windows ko Mac. Minecraft saye ake yi, amma a wayarka za ka yi ginin tun daga tushe har rufi.

Idan kana da kwamfuta kuma burinka gidan ya fito da awonsa na gaskiya, har ka nuna wa magini ya gane, ɗauki Roblox, ka gyara ƙofofi da silin kamar yadda na faɗa. Idan waya ce da kai, ko ginin na ƙasa ne, ɗauki Minecraft a kan ƙafa biyu bulo ɗaya. Kafin ka aza bango ko ɗaya, ka shimfiɗa zanen gidan a ƙasa da bulo mai launi daban, layi ɗaya tak, ka shiga ta zaure ka zagaya tsakar gida har ɗakin ƙarshe. Inda ka ji ya matse, ka matsar da layin tun yana bulo ɗaya.