Zoben baikon ƙanena: gwal ɗin ya cika, aikin ne ya gaza

Duk wadda ta tambaye ni ko ta sayi sarƙa ko ɗan kunne a wurin wani Alhaji mai gwal da muke hulɗa da shi a Yaba, nan Legas, zan ce mata ta je ta saya da zuciya ɗaya. Sikelinsa ba ya ƙarya, kuma gwal ɗin da ya ce miki karat 18 ne, wato ma'aunin tsarkinsa, to 18 ɗin ne. Amma idan zobe za ki bayar a ƙera miki tun daga tushe, mai dutse a kai, ki dakata ki ji yadda muka kwashe da shi tukuna. Ba zan ambaci sunansa ko na shagon ba, don mun rabu lafiya, kuma ba tozarta shi na zo yi ba.

Ƙanena yana aiki a Apapa, yarinyar da zai aura kuma 'yar Idi Araba ce. Mu da muka taso, kayan baiko goro ne da alawa da dabino da gishiri, zobe ba ya cikin lissafi. Yaran da suka tashi a Legas kuwa sun saba ganin ƙawayensu Yarbawa ana sa musu zobe, su ma sun ce sai an yi. Kawunmu ya ɗan yi ƙorafi, na ce masa kyauta ce, gwal kuma halal ne ga mace, gobe in ta shiga matsi kadara ce a hannunta. Shi angon na azurfa ya saya wa kansa. Na amarya kuwa ya ce, "Yaya, ke kika san kan gwal, na bar miki wuƙa da nama."

Yarinyar ta turo hoton irin wanda take so: siririn zobe ruwan ɗorawa, dutse guda a tsakiya, farata shida, wato 'yan ƙananan ƙugiyoyin gwal, sun riƙe shi. A nan dole in yaba wa Alhajin, domin shawarar da ya fara ba ni ta gaskiya ce. Ni na saba da 21 da 22, irin na Saudiyya da Dubai da ake buga wa 875 da 916 a ciki. Ya ce min waɗannan sun yi laushi ga aikin dutse, faratan za su riƙa lanƙwashewa, gara 18 mai tambarin 750, wato kashi 75 cikin 100 gwal ne, sauran kuma azurfa da jan ƙarfe ne da ke ƙara masa ƙarfi. Da muka zo kan dutse, kuɗin daimon ya fi ƙarfin aljihun yaron, sai ya nuna min moisanait. Bai ɓoye min komai ba: ya ce a masana'anta ake yin sa, taurinsa ya kai 9.25 a ma'aunin da daimon ke da 10, kuma ƙaramar na'urar gwajin nan ta hannu mai auna zafi takan yi ƙara a kansa kamar daimon ne, shi ya sa wasu marasa tsoron Allah ke cutar mutane da shi. Mai niyyar cuta ba zai faɗa miki wannan ba.

Ya karɓi kuɗin gwal gaba ɗaya da rabin kuɗin aiki, ban kuma ga laifinsa ba. Farashi ba ya tsayawa wuri guda. A shekarar 2025 kaɗai oza ɗaya ta gwal ta haura dala 3,000 a watan Maris, ta haura 4,000 a Oktoba, ga dalar kanta da ake tashi da ita kowace safiya. Rasit ɗin da ya rubuta layi uku ne: zobe 18, nauyi, kuɗi. Da na koma gida Agege sai na tura masa saƙo ta WhatsApp, na jera abin da muka tsayar: girman yatsa lamba 7, giram 4.5 ban da dutse, faɗin ƙasa milimita 2, farata shida, da haruffan sunayensu a ciki. Ya amsa da, "To Hajiya, in sha Allahu." Wannan saƙon ne ya tsaya min daga baya.

Ranar karɓa, a ƙarƙashin fitilun shago zoben sai walƙiya yake, ido ba ya iya tsayawa a kansa. Fitilun masu gwal haka suke, komai kyau yake a gabansu. A tsakar gida, da hasken rana, labari ya canza. Da na ɗaga shi daidai idona na dube shi ta gefe, dutsen ya karkata, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu. Na kai shi kusa da kunne na ɗan ƙwanƙwasa da farce, sai na ji ƙas-ƙas, dutsen na motsi a mazauninsa. Ɗaya daga cikin faratan bai ma kwanta a kan dutsen ba, yana tsaye, har na zura gefen takarda a ƙarƙashinsa ta shige. Na shafa shi a kan mayafina, nan take ya kamo zare ya ja shi zuuu. Yarinyar da za ta wuni cikin leshi da mayafin shifon, ina za ta kai wannan? A kafaɗun zoben kuma, inda ya fara hawa zuwa wurin dutse, akwai wasu ƙananan ramuka da ba su fi bakin allura ba. Da amarya ta zo ta gwada, ya wuce gaɓar yatsa salin-alin ya dawo, ya yi mata yawa. Ta dube ni ta ce, "Anti, ai ya yi kyau," cikin kunya irin ta surukai, amma fuskarta ta faɗi sauran.

Na mayar da shi. Abin da ya fi ɓata min rai a duk cinikin nan shi ne amsar farko da na samu.

"Hajiya, aikin hannu ne fa, ba na inji ba. In ta fara sawa zai zauna."

"Alhaji, dutsen da ke rawa tun bai ga ruwa ba, sawa ce za ta zaunar da shi?"

"To ko an buge shi a hanya? Kin san motocin garin nan."

A jirgin ƙasa na je na dawo, layin nan ja da ya fara aiki a 2024, daga tashar Agege kai tsaye zuwa ta Yaba, zoben kuma na cikin akwatinsa a ƙasan jaka. Na faɗa masa haka. Sai a lokacin na fahimci ba shi ke ƙirar ba. Ciniki nasa ne, aikin kuwa yana tura shi wani ɗakin ƙira da ke bayan layi, inda maigidan ke rarraba wa yaransa. Wannan ba aibu ba ne, yawancin shagunan haka suke, amma ya kamata mai saye ya sani tun farko, don a ƙarshe kina jayayya ne da wanda bai taɓa zoben da hannunsa ba, yana kare aikin da shi ma bai duba ba.

Ya karɓa ya ce za a gyara. Aka shiga yau da gobe, yau maƙeri ya tafi jana'iza, gobe babu wuta. Da zoben ya dawo, sai ga gyaran gangar Auzinawa. An rage girmansa, gaskiya ne, amma a ƙasa inda aka yanke aka liƙe ga wani siririn layi fari-fari ya ratsa, launinsa daban da sauran. An goge shi an sake gogewa har ƙasan ya sirance, harafi ɗaya na sunan amarya ya kusa ɓacewa. Ramukan da na yi ƙorafi a kansu, maimakon su tafi, ƙaruwa suka yi. An matse faratan da ƙarfi, dutsen ya daina ƙara, amma yana nan a karkace. Na ce a ɗora a sikeli. Ko da dutsen a kai, bai kai 4.5 ɗin da na biya ba.

Ban yi hayaniya ba. Na ɗauki zoben na haye Tsibirin Legas, wajen kasuwar Balogun, wurin wani dattijon maƙerin fari da wata ƙawata ta san shi tun zamanin mahaifiyarta. Na biya shi kuɗin dubawa kawai, kuma duk kuɗin da na kashe a lamarin nan wannan ne ya fi min amfani. Ya fara goga zoben a baƙin dutsen gwaji ya ɗiga masa asid, zanen bai gushe ba. Ya ce gwal dai ya cika. Sannan ya maƙala gilashinsa a ido ya daɗe yana juya shi, kafin ya miƙo min gilashin ya ce, "'Yata, duba da kanki." Abin da ido ke gani ɗigo-ɗigo, a gilashi ramuka ne masu zurfi, har da guda a gindin ɗaya daga cikin faratan.

Ya ce zoben zubi aka yi, ba ƙira ba. Ana fara siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da farar ƙasa, a ƙone kakin ya fita, sannan a zuba narkakken gwal a gurbinsa. Hanya ce mai kyau in an iya. Amma idan aka narka tarkacen tsohon gwal mai ɗauke da ragowar liƙi ba tare da an tace ko an ƙara sabo ba, ko aka bar wuta ta yi yawa, iska kan maƙale a ciki, ƙarfen ya daskare da kofofi. Ramukan ba a fata kawai suke ba, har cikin jiki suke, shi ya sa duk gugar da aka yi sai wasu sababbi su buɗe. Farin layin kuwa, liƙin da aka yi amfani da shi bai kai darajar zoben ba. Da an sa na 18 mai launi ɗaya, da sai an sha wuya kafin a gano wurin. Batun karkata kuma, kowane farce ana yanka masa ɗan gurbi a ciki inda gefen dutse zai zauna, dole guraben shida su zo daidai wa daida. An yanka wasu sama wasu ƙasa, don haka ko shekara za a yi ana matsewa dutsen ba zai miƙe ba. Na tambaye shi ko zai gyaru. Ya girgiza kai ya ce farcen nan mai rami wata rana zai karye, ko tana wanki ko tana alwala, dutsen ya bi rariya. Magani ɗaya ne, a narke a sake.

Da wannan bayani na koma, wannan karon da Kawu. Na riga na san inda zan nufa in abin ya ƙi: akwai FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye da dokar 2018 ta kafa, akwai takwararta LASCOPA ta Jihar Legas, akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da jihar ta buɗe a 2018 don da'awar da a lokacin ba ta wuce naira miliyan 5 ba. Ban ambaci ko ɗaya ba, ba a kai can ba. Kawu ya gaisa da shi a mutunce, suka taɓa hirar gida, sannan ya ce, "Alhaji, amana aka ba ka, ga kuma abin da ka amsa da bakinka." Na buɗe saƙon na ajiye wayar a kan gilashin kanta, na ce ya ɗauko nasa gilashin ya dubi gindin farcen. Ya duba, ya yi shiru. Ya aika aka kira maigidan ɗakin ƙirar, suka koma gefe, ina jin ana ambaton wani yaro da aka ba aikin saboda sauri.

Daga nan Alhajin ya canza gaba ɗaya, kuma wannan ma haƙƙinsa ne in faɗa. Ya ce za a sake zoben da sabon gwal, da hannun maigidan kansa, ba ƙarin kuɗin aiki, kuma giram ɗin da ya ɓace a guga shi zai cika. Na roƙi abu biyu: a kira ni in ga zoben kafin a ɗora dutse, kuma a rubuta awon duka a sabon rasit ya sa hannu. Ya yarda da duka biyun, ko da yake na biyun sai da ya ɗan yi murmushin da ke cewa Hajiyar nan akwai naci.

Na ga zoben tsirara, ba dutse, ba a goge ba. A haka ne ake gane aiki, domin ƙyalli bai rufe komai ba. An jawo ƙarfen ne aka lanƙwasa, ba zubi ba, jikinsa sumul, guraben faratan a jere. An ɗora shi a sikeli a gabana, aka zura shi a sandar awo ya tsaya cak a kan 7. Bayan an ɗora dutse na fita da shi bakin titi na duba a rana, na shafa a mayafi bai kama ba, na ƙwanƙwasa ban ji komai ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma shi ne ya ƙara min haushi, don ya nuna tun farko suna da hannun da zai iya, ba su ga damar ba mu shi ba sai da aka zo da babba.

Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. An yi baiko babu zobe, sai cikin kayan lefe muka saka shi. Ƙanena bai ji daɗi ba ko kaɗan, don shi ya yi wa yarinyar alkawari a gaban ƙawayenta. Kuɗin mota da na dubawa ba wanda ya mayar min, kuma har yau Alhajin bai ce min "yi haƙuri" a kan zargin da ya yi cewa mu muka buge zoben ba, sai dai ya ƙara min wani ɗan akwati mai kyau kyauta.

A gaskiyar gwal da awo, na ba shi cikakken maki. A aikin dutse da kuma yadda yake karɓar ƙorafi tun farko, bai kai rabi ba. 'Yan kunnen lefen ma a wurinsa na saya, ƙirar Dubai da aka gama aka rataye, na duba na biya na tafi. Ƙanwar amarya ta ga zoben ta ce ita ma irinsa take so in lokacinta ya yi, na ce mata to, amma wurin dattijon Balogun za mu kai.